Wasan Zamiyar Gangare a Kan Dusar Ƙanƙara

Zamiyar gangare wasa ne na lokacin hunturu wanda mutum yake ɗaura dogayen alluna biyu marasa faɗi a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga saman tsauni zuwa gindinsa a kan dusar ƙanƙara. Nauyin jiki da gangaren dutse su ne ke ba da gudu, aikin mai wasan kuwa shi ne sarrafa gudun ta hanyar kafa gefen allunan cikin ƙanƙara yana juyawa dama da hagu. A nan ya bambanta da zamiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta mutanen arewacin Turai, wadda ake tura kai da ƙarfin ƙafa da hannu, dunduniya kuma a sake take. A zamiyar gangare takalmin a kulle yake da allo tun daga yatsu har dunduniya. Cibiyar wasan ita ce tsaunukan Alps, kuma ingancin ƙanƙararsa da tsadarsa da haɗarinsa duk sun rataya ne a kan tsayin wurin daga doron teku.

Asali

Tafiya a kan allunan katako tsohuwar dabara ce ta mafarauta da makiyayan arewacin duniya. An tono gutsattsarin irin waɗannan alluna kusa da tafkin Sindor a arewacin Rasha, masana suka ƙiyasta shekarunsu da kusan 8,000. Tsawon wannan zamani duka abin tafiya ne kawai idan ƙanƙara ta toshe hanya. Mayar da shi wasa ya faro ne a yankin Telemark na ƙasar Norwe, inda Sondre Norheim (1825–1897) ya ƙarfafa ɗaurin da ke zagaye dunduniya, ya kuma yi fice a gasar birnin Christiania, wato Oslo ta yau, a 1868. A 1888 Fridtjof Nansen ya ratsa tsibirin Greenland daga gabas zuwa yamma a kan alluna, kuma littafin da ya rubuta kan tafiyar, wanda aka fassara zuwa Jamusanci a 1891, ya sa mutane da dama a Ostiriya da Suwizalan da Jamus suka aika a sayo musu alluna daga Norwe.

Salon Norwe bai dace da Alps ba, domin gangaren Alps ya fi na Telemark miƙewa nesa ba kusa ba. Mathias Zdarsky (1856–1940), wanda ya zauna a Lilienfeld ta Ostiriya, ya rage tsawon allunan, ya ƙera maɗaurin ƙarfe mai hana dunduniya gocewa gefe, ya kuma shirya tsere na farko ta tsakanin ƙofofi a dutsen Muckenkogel ranar 19 ga Maris, 1905. Hannes Schneider (1890–1955) ya kafa makarantarsa a ƙauyen St. Anton a 1921, ya tsara koyarwa mataki-mataki, daga tsayawa da burki zuwa juyi cikin gudu, tsarin da makarantun zamiya suka ginu a kansa har yau. Dokokin gasa kuwa Baturen Ingila Arnold Lunn (1888–1974) ne ya shimfiɗa su. A Janairun 1922 ya shirya tseren kwana-kwana irin na zamani a Mürren ta Suwizalan, inda agogo kaɗai ke fitar da gwani, ba kyan salo ba. An kafa Hukumar Zamiya ta Duniya, FIS, a Chamonix a 1924, ta amince da tseren gangare a 1930, aka yi gasar duniya ta farko a Mürren a 1931, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Garmisch-Partenkirchen a 1936.

Abin da ya fitar da wasan daga hannun 'yan ƙalilan shi ne injin hawa. Kafin zuwansa, mutum kan shafe sa'o'i yana hawa da ƙafa domin saukar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. A Disambar 1934 aka buɗe igiyar jan masu zamiya ta injiniya Ernst Constam a Davos, a 1936 kuma aka kafa kujerun igiya na farko a Sun Valley ta jihar Idaho a Amurka, bisa ƙirar James Curran, injiniyan kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific, wanda ya ɗauko dabarar daga na'urar loda ayaba a jirgin ruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Faransa ta ɗauki wata hanya dabam: maimakon faɗaɗa tsofaffin ƙauyuka, sai ta gina sababbin garuruwa a saman makiyayar tsauni. Courchevel ta fara a 1946, La Plagne ta biyo a 1961, Avoriaz a 1967, Les Arcs a 1968, sannan Val Thorens a farkon shekarun 1970, a tsayin mita 2,300, wanda ya sa ta zama garin zamiya mafi tsayi a Turai.

Siffar wasan da yanayin tsauni

Sansanin zamiya ya ƙunshi gari a ƙasa, da injinan hawa iri-iri, daga igiyar ja zuwa kujeru da manyan motocin igiya, da kuma hanyoyin sauka waɗanda aka share aka kafa musu alamu. Launin alama ke nuna wuyar hanya. A ƙasashe masu magana da Jamusanci, shuɗiyar hanya ba ta wuce gangaren kashi 25 cikin 100, wato faɗuwar mita 25 a kowace mita 100 ta kwance. Ja tana kaiwa kashi 40. Abin da ya ɗara haka baƙa ce. Faransa ta ƙara koriya domin masu koyo. Da dare, bayan an rufe hanyoyi, motoci masu ƙafar sarƙa suna bi suna daddaɓe ƙanƙara suna baje ta, wasunsu ɗaure da igiyar ƙarfe a wuraren da suka cika miƙewa.

Kayan wasan sun sauya ƙwarai cikin ƙarni guda. An sa wa allunan bakin ƙarfe tun shekarun 1920 domin su kama daskararriyar ƙanƙara, Howard Head ya fito da allon ƙarfe a 1950, takalmin roba mai tauri ya maye gurbin na fata a shekarun 1960, a shekarun 1990 kuma aka zo da gajerun alluna masu siririn tsakiya waɗanda ke sauƙaƙa juyi. Maɗaurin da ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi ya rage karayar ƙwauri sosai, amma tsinkewar jijiyar gwiwa ta ci gaba da zama babban rauni a wannan wasa.

A fagen gasa, hanyoyi biyu sun fi kowace daraja. Streif da ke Kitzbühel a Ostiriya tana da tsawon mita 3,312, tana farawa daga mita 1,665 ta ƙare a mita 805. A wurin da ake kira Mausefalle gangaren ya kai kashi 85, mai tsere kan yi tsalle mai nisan da ya kai mita 80, kuma Fritz Strobl ya gama ta cikin minti 1 da daƙiƙa 51.58 a 1997. Lauberhorn da ke Wengen a Suwizalan ita ce mafi tsawo, kusan kilomita 4.5, a can ne kuma aka auna gudun Johan Clarey na Faransa da kilomita 161.9 a sa'a a 2013. Gasar Kofin Duniya ta fara a 1967. Ingemar Stenmark na Suwidin ya ci tsere 86 a cikinta, tarihin da ya tsaya har Mikaela Shiffrin ta Amurka ta wuce shi a Maris na 2023.

Tsayi yana sauya komai da jikin ɗan Adam ya saba da shi. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a kowace mita 1,000. Motar igiya ta Aiguille du Midi, wadda aka kammala a 1955, tana ɗaukar mutum daga garin Chamonix mai tsayin mita 1,035 zuwa dab da ƙololuwa mai mita 3,842 cikin kimanin minti 20, don haka yana iya tarar da sanyin da ya ɗara na ƙasa da digiri 18, tun kafin a lissafa kaɗawar iska. A mita 3,000 nauyin iska bai wuce kashi 70 cikin 100 na bakin teku ba, numfashi ɗaya yana kawo oksijin kaɗan, kuma daga mita 2,500 zuwa sama wasu kan kamu da ciwon tsauni: ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci. Hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 a kowace mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma tana maido da abin da ya kai kashi 80 na wannan haske, shi ya sa tabarau ya zama dole, domin ido kan ƙone na ɗan lokaci. Idan hazo ya sauko, sama da ƙasa kan zama fari ɗaya, mutum ya kasa bambanta tudu da rami. Idan iska ta yi ƙarfi, injinan sama ake fara tsayarwa.

Babban haɗarin tsauni shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Ƙanƙarar hunturu tana kwanciya ne hawa-hawa, kowace zuba da irin ƙarfinta, kuma idan daskararren hawa ya zauna a kan mai rauni, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle fegi guda na gangare. Hakan ya fi faruwa a gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45. Tun 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'aunin gargaɗi ɗaya mai mataki 5, kuma abin lura shi ne kusan rabin mace-macen suna aukuwa ne a mataki na 3, lokacin da haɗarin ya yi yawa amma bai kai ya tsorata mutane su zauna a gida ba. A matsakaici mutum kusan 100 ke mutuwa ta wannan hanya kowane hunturu a Alps, akasarinsu a wajen hanyoyin da aka share, kuma galibi su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da zaftarewar. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yana da damar rayuwa ta kusan kashi 90. Bayan minti 35 damar kan faɗo zuwa kusan kashi 30. Saboda haka masu fita daga hanya suke ɗaukar na'urar gano wanda ya binne, da sandar bincike, da shebur. A cikin sansani, ma'aikatan tsaro suna fita da asuba su tayar da zaftarewa da nakiya kafin a buɗe hanyoyi. Garuruwa ma ba su tsira ba: mutum 39 suka mutu a Val d'Isère ranar 10 ga Fabrairu, 1970, mutum 31 kuma a Galtür ta Ostiriya ranar 23 ga Fabrairu, 1999. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewa da ke Davos, wadda aikinta ya faro a 1936, ita ke fitar da sanarwar gargaɗi ta Suwizalan kowace rana a lokacin hunturu.

Al'ada da tsada

A Ostiriya da Suwizalan da kwarurukan Savoie na Faransa, yara kan fara zamiya tun suna shekara 3 ko 4, makarantu da yawa kuma suna ware mako guda na zamiya a shekara. Makarantar Zamiya ta Faransa, wadda aka kafa a 1945, an san malamanta da jajayen tufafi. Yini yana da tsari sananne: hawa da safe, cin abinci a bukkar tsauni da rana, inda narkakken cuku da dankali da miya mai zafi suka fi yawa, sannan taron shaƙatawa da kiɗa bayan an rufe injina wajen ƙarfe 4 ko 5 na yamma. St. Anton da Ischgl sun yi suna a wannan taro, kuma cunkosonsa ne ya sa Ischgl ta zama ɗaya daga wuraren da cutar korona ta bazu daga cikinsu zuwa sassan Turai a Maris na 2020. A kan hanya ana bin ƙa'idoji 10 na FIS, mafi muhimmanci a cikinsu shi ne cewa wanda ke sama shi ke da alhakin kauce wa wanda ke ƙasa da shi. Hular kwano ta zama ruwan dare, Italiya kuma ta wajabta wa kowane mai zamiya inshorar biyan diyya tun 1 ga Janairu, 2022.

Wasan mai tsada ne, kuma tsadar ba ta tsaya ga tikiti ba. A hunturun 2024 zuwa 2025, tikitin yini ɗaya na baligi a manyan sansanonin Alps, irin su Les Trois Vallées da Dolomiti Superski, ya kai wajen yuro 80 a lokacin cunkoso. A kan wannan akwai hayar alluna da takalma, da kuɗin malami, da tufafin sanyi, da sufuri, da masauki, wanda shi ne ya fi cinye kuɗi, musamman a makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantu na Fabrairu. Ceto ma ba kyauta ba ne a wurare da yawa, kuma ɗaukar mai rauni da jirgi mai saukar ungulu kan ci dubban yuro ga wanda ba shi da inshora. A Amurka tsarin ya sha bamban. Kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin kaka guda mai suna Epic Pass a 2008 kan dala 579, kamfanin Alterra ya biyo da Ikon Pass a 2018, sannan aka riƙa ɗaga farashin tikitin yini har ya haura dala 300 a Vail a ranakun cunkoso. Manufar a fili take: a sa mutane su biya tun kafin hunturu, ta yadda asarar shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci za ta faɗa kan mai saye. Wanda tsarin ya fi cutarwa shi ne mai son gwada wasan na kwana ɗaya ko biyu.

Akwai dalilai na zahiri a bayan farashin. Motar igiya da aka buɗe a 2018 zuwa Klein Matterhorn a Zermatt, dutse mai tsayin mita 3,883, ta ci fiye da faran miliyan 50 na Suwizalan, kuma irin wannan jari dole ya dawo cikin kakar da ba ta wuce wata 4 zuwa 5 ba a yawancin wurare. Sai kuma ƙanƙarar inji. Ana fesa ruwa da matsattsiyar iska cikin sanyin da ya kai kimanin digiri 2 ƙasa da sifili, ruwan ya daskare ya zubo ƙwaya-ƙwaya kamar tsakin masara, ya fi ƙanƙarar sama nauyi da jure zafi. Mita kubik ɗaya ta ruwa tana ba da kimanin mita kubik biyu zuwa biyu da rabi na ƙanƙara, don haka ake haƙa manyan tafkuna a saman duwatsu. Kusan kashi 90 na hanyoyin Italiya da kimanin kashi 70 na Ostiriya suna da waɗannan injina.

Yaɗuwa

Ana zamiyar gangare a ƙasashe sama da 60, ana kuma ƙiyasta ziyarar yini tsakanin miliyan 350 da 400 a shekara, kimanin kashi 40 daga ciki a Alps. Les Trois Vallées tana da hanyoyi masu tsawon kilomita 600 a haɗe, Dolomiti Superski kuma, wadda aka kafa a 1974, tana da kilomita 1,200 a yankuna 12 ƙarƙashin tikiti ɗaya. A Arewacin Amurka Whistler Blackcomb ta Kanada ce mafi girma, sansanonin jihar Colorado kuwa sun fi na Alps tsayin mazauni, domin garin Breckenridge kansa yana kan mita 2,900 da ɗoriya. Tsibirin Hokkaido na Japan ya shahara da busasshiyar ƙanƙara mai laushi wadda iskar Saberiya ke kawowa bayan ta ratsa teku. A kudancin duniya kakar tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma Portillo ta ƙasar Cile ta karɓi gasar duniya a 1966. A Afirka akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas na Maroko, kudu da Marrakesh, a tsayin mita 2,600 zuwa sama da 3,200, da Afriski a Lesoto.

Muhimmanci

Kafin zuwan baƙin hunturu, manyan kwarurukan Alps suna cikin yankunan da suka fi talauci a Turai. Har farkon ƙarni na 20, iyalai a Tirol da Vorarlberg da Graubünden suna tura 'ya'yansu su ƙetare duwatsu da ƙafa a watan Maris, su yi ƙodago a gonakin kudancin Jamus har kaka. Zamiya ce ta tsayar da ƙaura daga yawancin waɗannan ƙauyuka, ta mayar da hunturu lokacin samu bayan ya daɗe yana lokacin ƙunci. Wannan arziki ya zo da nasa nauyi. Farashin gidaje ya fi ƙarfin 'yan gari da ma'aikatan kaka, masu dafa abinci da masu shara da masu kula da injina, yayin da dubban gidajen hutu suke rufe mafi yawan shekara. A Maris na 2012 masu jefa ƙuri'a a Suwizalan suka amince, da ƙaramin rinjaye, a taƙaita gidajen hutu zuwa kashi 20 cikin 100 na gidajen kowace ƙaramar hukuma.

Ɗumamar yanayi ita ce ke yanke makomar wasan. Zafin Alps ya ƙaru da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a wuraren da ke ƙasa da mita 2,000 kwanakin da ƙanƙara ke rufe ƙasa sun ragu da kusan wata guda tun farkon shekarun 1970. Daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun yi asarar kashi 10 na girmansu cikin 2022 da 2023 kaɗai. A Boliviya, ƙanƙarar Chacaltaya, inda aka taɓa yin zamiya a sama da mita 5,300, ta ƙare a 2009. Wani nazari da aka buga a 2023 kan sansanoni 2,234 na Turai ya nuna cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 53 daga cikinsu za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara muddin ba a yi amfani da inji ba, idan ta kai digiri 4 kuma kashi 98. Sakamakon haka masu zamiya da masu zuba jari suna komawa manyan sansanoni masu tsayi, waɗanda su ne mafi tsada, ƙananan sansanoni na kusa da birane kuma, inda talakawan yankin suke koyon wasan da arha, su ne ke fara rufewa. Tsayin ma bai ba da tabbaci ba: an soke tseren Kofin Duniya da aka shirya tsakanin Zermatt da Cervinia a 2022 saboda ƙarancin ƙanƙara a ƙasan hanyar, aka sake soke shi a 2023 saboda iska da zubar ƙanƙara mai yawa. A tsaunukan Jura na Faransa, hukumar sansanin Métabief ta tsara ayyukanta bisa hasashen cewa zamiyar gangare za ta ƙare a wurin tsakanin 2030 da 2035, ta kuma rufe wani sashe na hanyoyinta a 2024.